Gara Ta Riga Ni

Ina da wani littafin rubutu mai jan bango, irin na 'yan makaranta. Tun 2014, duk littafin da na karance sai in rubuta sunansa a ciki, da ranar da na gama, da layi biyu ko uku kan yadda na same shi. Bara da na ƙirga na shekarar kaɗai, 37 na tarar. Daɗi ya sa har hoton shafin na ɗauka na tura wa ƙawayena, ɗayarsu ta ce, "Ke dai ba ki da aikin yi," alhali ta san aji huɗu nake koya wa lissafi, ga yara uku, ga maigida mai son tuwon dare da zafinsa. Bana ma da gudu na faro, daga Janairu zuwa Yuli na rubuta 21. Daga Agusta zuwa yau kuwa, ga hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, uku kacal na ƙara, na huɗun ko rabinsa ban kai ba. Masu tambaya ko lafiya, lafiya lau. Gara ce ta jawo.

Mu 'yan cikin garin Sakkwato ne. Gidanmu na gado yana wajen Ƙofar Rini, aure ne ya kai ni Mabera. Babanmu, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne, yana da wani kwali a ƙarƙashin gado, a ciki akwai Magana Jari Ce na ɗaya da na uku. Na biyun wani ya ara tun kafin a haife ni, har yau yana hanya. Ina aji huɗu a firamare na fara satar su ina laɓewa a bayan ɗaki. Sai da na girma na san cewa a Zariya Abubakar Imam ya rubuta su, a ƙarshen shekarun 1930, kuma da yawa daga labaran ya ɗebo su ne daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗinka musu riga irin tamu. A lokacin ina ruwana. Ni dai na yarda akwai akun da zai tsare ɗan sarki da labari har gari ya waye, na kuma dami kowa a saya min aku.

Da na shiga sakandare sai zamanin haya ya zo. Akwai wata mata a bayan layinmu da ke ajiye littattafan Kano a kwalayen sabulu, naira biyar kwana ɗaya, in ka yaga bango ka biya kuɗin littafi. Wanda bai yi wannan zamani ba ba zai san azabar a gama na ɗaya da na biyu a ce na uku bai iso daga Kano ba. In Da So Da Ƙauna sai da na yi mako biyu a layi kafin ya zo hannuna, ya zo duk ya sha miya da man shafawa. A tsakiyar littafin lissafi nake ɓoye su, don shi ya fi faɗi. Allah da ikonsa, yau ni ce malamar lissafin, kuma in na ga yarinya ta kafa wa littafi ido tana murmushi, na san ba aljabara ce ke ba ta nishaɗi ba, waya ce a ciki. Nakan karɓe, amma ba na iya kai ƙara.

A jami'a, can Dundaye, na koma kan na Turanci. Shekara huɗu ina shiga ina fita a laburaren da ke ɗauke da sunan Abdullahi ɗan Fodiyo, na karanta marubutan kudu, na karanta 'yan Rasha a fassara, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina shi mai sunan me ya rubuta ba. Na san dai ƙanen Shehu ne, yana Gwandu, shi ke nan.

To, a watan Agusta, bayan wani ruwa da aka kwana ana yi, rufin ɗakin Malam ya zauna. Malam shi ne kakanmu. Ya rasu ina 'yar shekara shida, tun daga nan ɗakin a kulle yake, sai dai a buɗe a share a mayar. Baffa ya aiko a zo a kwashe kaya kafin ginin ya ƙarasa. Da samari suka ɗaga adakar katakon da ke lungu, sai gindinta ya tsaya a ƙasa, samanta kawai ya taso. Gara ta shigo ta ƙarƙashi ta yi gininta hawa-hawa, Allah kaɗai ya san shekara nawa tana aiki ba mai jin motsinta. Gafaka shida ne a ciki. Biyu na ƙasa da aka kwance, babu takarda, sai jar ƙasa da ɓarɓashi mai ɗigon tawada. Biyu na tsakiya an cinye gefensu kamar yadda yaro ke gatsar masa ya bar tsakiya. Biyu na sama ne suka tsira.

Baffa ya zaro warƙa ɗaya, ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, yanar ido ta hana shi. Sai ya miƙo min. "Ke da anka ce kin cinye littattahan duniya, karanta muna wanga." Na karɓa da ƙarfin gwiwa, ai na sauke. Sai dai ni 'yar Islamiyya ce, da bugun Madina na sauke, ban yi nisa a allo ba. Harafin da na ɗauka fa'un ne, mai ɗigo ɗaya a sama, ashe ƙaf ne, shi fa'un ɗigonsa a ƙasa yake. Kuma ba ma Larabci ba ne, Hausa ce da ajami, harshen da na sha a nono. Na kasa haɗa kalma uku. Yaran gida sun zuba min ido, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani ƙanenmu da ya yi allo sosai ya karɓa, ya yi ta tuntuɓe har ya kusa fitar da baiti ɗaya. Kafin ya kai ƙarshe sai muka ji murya daga ƙofar ɗakin Inna ta ƙarasa masa, ta ɗora na biyu, ta ɗora na uku, da karinsu da komai. Inna ita ce kakarmu, ta haura tamanin da biyar, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, na boko ko na ajami. Tana zaune tana tsinkar zogale a faifai, ko kai ba ta ɗago ba. Ta yi baiti wajen ashirin, kowanne yana ƙarewa da tabbat haƙiƙa, kafin numfashi ya tsayar da ita. Sannan ta dube ni ta ce, "Kishiya, ina bokon naki?"

Waƙar ta Shehu Usmanu ce. Da Fulatanci ya yi ta, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da baitocinta masu layi biyar-biyar. Gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa da talakawa baki ɗaya, kan haƙƙin mutane da abin da ke jiran wanda ya ci shi. Inna ta ce a bakin kakarta ta ji ta, suna kaɗi da dare a wani ƙauye ta wajen Wurno, kakar tata kuwa tana cikin matan da ke bin jaji, wato jagorar mata masu neman ilmi, zuwa Sakkwato. Tun ina yarinya nake jin Inna tana wannan gunguni in tana aiki, na ɗauka waƙar tsofaffi ce kawai, irin ta daka da niƙa. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Kwana uku muka yi muna shanya takardun a inuwa, a kan tabarmi, an danne da duwatsu. Littattafan da ba su da ɗinki. Warƙa-warƙa ne, a jera, a sa tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Babu lambar shafi. Dabarar magabata ita ce, a can ƙasan warƙa mai kwafi zai rubuta kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita, ko da iska ta watsa maka littafi da wannan za ka mayar da shi yadda yake. Ita kuwa gara daga gefe take fara ci. Kun ga inda aikin yake.

Ɗana na tsakiya ne ya ɗaga wata warƙa saitin rana ya ce, "Umma, ga wata uku a ciki." Jinjirin wata ne guda uku a jere a cikin jikin takardar, ba a ganinsu sai da haske. Daga baya na karanta cewa irin wannan takarda a Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Fatar gafakar kuwa tamu ce, ta jar akuya, aikin majema da dukawan garin nan. Ita ma fatar tana da tata tafiyar: fatake su haura da ita arewa, Turawa su saye ta su laƙaba mata sunan Maroko, su yi wa manyan littattafansu bango da ita. Na zauna ina juya gafakar nan a hannu ina tunanin ko a wani laburare a Ingila akwai littafin da ke sanye da 'yar'uwar wannan akuya.

Sauran abin da ya tsira, Baffa ya gane su da taimakon ƙanen namu: Risala, Ishiriniya, Ihya'us Sunna na Shehu ba farko ba ƙarshe, da wani yanki na Liya'ul Hukkami na Abdullahin Gwandu. Na ce, Baffa, ai Diya'u ake cewa. Ya ce, "Ke da ka cewa alwala da alƙali, wa yac ce miki da lam Larabawa ka hwaɗinsu?" Na yi shiru. Ranar dai ba tawa ba ce.

A nan muka ƙulla yarjejeniya. Baffa tsohon magatakardan kotu ne, ya yi karatun zaure har Muhtasar, Larabci na nan daram a kansa, ido ne ya tafi. Ni kuma ga ido, Larabcin ne na jeka-na-yi-ka. Asabar da Lahadi bayan la'asar sai in hau keke napep in shiga gari. Rubutun hannu ya fi ƙarfina tukuna, saboda haka da bugun ɗab'i muka fara. Na sayi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin masallaci. In karanto jimla, ya gyara min wasali, ya fassara, in ce na'am, in ci gaba. Ranar da muka yi sauri mu ci shafi biyu, ni da nake gama littafi mai shafi 300 a dare biyu.

Makonnin farko na ƙosa ƙwarai. Bello ya gama littafin a 1812, Shehu yana raye, shi kuwa bai daɗe da haura talatin ba, kuma abubuwan da yake ba da labarinsu jiya-jiya aka yi su a gabansa: hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma bai fara da yaƙi ba. Ya fara ne da zayyana ƙasashe, Barno da Ahir da ƙasashen Hausa har can yamma, da mutanensu, da malaman da suka yi zamani a cikinsu. Ni na zo jin dawaki da kibau, aka tsare ni da sunayen malamai. Baffa kuwa nan ne daɗinsa. Kowane suna sai ya tsaya, wane ya yi karatu wurin wane, wane ya je hajji bai dawo ba, har magariba ta yi ba mu juya shafi ba. Da ni kaɗai ce da tuni na tsallake wurin, yadda na saba. Da yake ba halin tsallakewa, sai a hankali na ga abin da Bello ke ginawa: yana so mai karatu ya san jama'arsu ba daga sama suka faɗo ba, ƙasar nan ta daɗe da malamai da littattafai, su a kan wannan igiya suka ɗora.

Sau ɗaya dai na yi nasara a kan Baffa. Na matsa masa muka leƙa gaba, wurin wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Laminu na Barno, wato al-Kanemi, don na sha jin labarinsu. A nan littafin ya kama ni. Laminu bai yi kwana-kwana ba. Tambayarsa ita ce da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi da zakka. In don ana saɓo da bidi'a a ƙasarsu ne, wace ƙasa ce ba a yi, kuma yaushe saɓo ya zama kafirci? Amsar Bello ita ce ba saɓo kaɗai ake magana ba, masu mulkin Barno sun mara wa sarakunan Hausa baya wajen yaƙar jama'a, ga kuma wasu al'adu da yake ganin sun wuce saɓo sun kai shirka. Na gaya wa Baffa, tare da girmamawa ga magabata, cewa ni a kunnena tambayar ta fi amsar kaifi. Ya yi shiru, ya murza carbi, ya ce, "Ɗiyata, ba ki ƙare jin amsar ba tukun." Mako biyu muka yi muna ja, har Inna ta aiko a tambaya ko gado muke rabawa. Abin da ba mu yi jayayya a kansa ba shi ne, Bello ne da kansa ya ɗauki maganar abokin hamayyarsa, da zafinta, ya sa a littafinsa, har ta iso gare ni bayan shekara 200 da ɗoriya ta ɗaga min hankali. Da ya ga dama da ya taƙaita ta yadda za ta yi daɗin rushewa, kamar yadda muke yi a Facebook, a yanko rabin maganar malami a kwana ana jifa.

Wani abin da ya ƙara min son mutumin nan ba a littafinsa na same shi ba. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya dawo a 1826, ya mutu a nan a 1827, ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa wata safiya ya shiga wurin Bello ya tarar da shi zaune da littafin Iƙlidis na Larabci a gabansa, wanda shi Baturen ya kawo masa tsaraba. Iƙlidis shi ne Bagirken nan da lissafin kusurwa da da'ira da muke koyarwa ya samo tushe daga littafinsa. Bello ya gaya masa da ma gidansu suna da kwafi, wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, gobara ce ta cinye shi shekarar da ta gabata. A waya na karanta wannan, cikin dare, an ɗauke wuta ina fifita, sai ga ni a zaune. Shekara goma sha ɗaya ina zana alwatika a allo yara suna ce min, Malama, wannan abin na Turawa me zai amfane mu. Ranar Litinin na ba su labarin. Ba zan yi ƙarya in ce sun fara son lissafi ba, amma wata ta ɗaga hannu ta tambaya ko shi ma Sarkin Musulmi Bello sai da aka sa shi ya nemo x.

Ukun da na gama tun Agusta, dukkansu gafakar nan ce ta kai ni gare su.

Na farko littafin Jean Boyd ne kan Nana Asma'u, wanda ya fito a 1989. Baturiyar Ingila ce da ta daɗe tana koyarwa a garin nan, Waziri Junaidu ne ya buɗe mata taskar gidansu, domin Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, shi kuwa daga zuriyarsu yake. A nan na san an haife ta a Ɗegel a 1793, 'yar tagwaye ce, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A nan kuma na fahimci 'yan taru: dattijuwa amintacciya ake naɗawa jaji, a ba ta malfa, ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙi su koma su koyar. Makaranta ce sukutum ba gini ba allo, kuma ga reshenta a ƙofar ɗakin Inna. Littafin yana da sauƙin karatu, an yi shi da ƙauna. Damuwata ɗaya, don baƙi aka rubuta shi, wani lokaci sai in ji kamar ana gabatar min da gwaggona. Waƙa kuma in ta koma Turanci karinta ya tafi, sai ma'ana tsirara. Akwai babban kundin ayyukanta da Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997, mai ɗauke da matanin asali, amma kuɗinsa ba na albashin malamar makaranta ba ne, sai dai in nema a laburare.

Na biyu Shaihu Umar ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi don gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Da muna makaranta na raina shi, gajere ne, ba ban dariya irin ta Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, malami ne kawai zaune yana ba almajiransa tarihinsa. Yanzu da nake da 'ya'ya sai na ga ashe littafin uwar ne. An sace mata ɗa, ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ja ta har Murzuk, har Tarabulus, ta gan shi da idonta, ba ta daɗe ba ta cika. Shi kuwa mai ba da labarin ko muryarsa ba ta tashi ba, komai ya mayar ga ƙaddara. Da, wannan sanyin ne ke gundura ta. Yanzu shi ne ya hana ni barci, don na san mutanen da ke ba da labarin masifa da irin wannan muryar, suna nan a kangwaye a bakin gari, 'yan bindiga sun koro su daga ƙauyukansu. Da na kai wurin ayarin Sahara sai na ajiye littafin na tuna da takarda mai wata uku. Hanyar ɗaya ce. Raƙumin da ya sauke takarda a nan, ba fata kaɗai ayarinsa ya koma da ita ba.

Na uku biyan bashi ne. Na fara zama wurin Inna ina ɗaukar waƙoƙin a waya ina rubutawa, sai ta ce ba kyauta ba, in biya ta da irin namu. Na ɗauko mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda na taɓa gamawa a dare ɗaya ina sakandare. Da baki, mako uku ya ɗauke mu, don Inna ba ta bari a wuce. Tun da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya take tsaki, da kantinsa ya ƙone ta ce madalla. Karatu a bayyane yana tona asirin marubuci. Inda mutane ke magana, musamman faɗan mata, ko kalma ba ta yi min nauyi a baki ba, Balaraba tana da kunne. Inda take gaggawar kai labari gaba kuwa, nan harshena ke sarƙewa. Da muka zo ƙarshe, inda aka taru a kan Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, na zaci Inna za ta yi min wa'azin haƙuri. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Haka anka yi muna dut." Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ƙara ba. A jan littafina layi biyu na saba rubutawa, wannan sai da na ci shafi.

Su kuwa 21 ɗin farkon shekara, na duba sunayensu jiya, fiye da rabi na manta sunan tauraron. Shida daga ciki na WhatsApp ne, a tura naira 500 a sa ka a zaure a riƙa sakin shafi kullum. Ina da ƙorafi a kansu: a haɗe "ya ce" a mayar kalma ɗaya, ba ƙ ba ɗ, kowane saurayi yana da gida a Abuja da wani a Dubai. Amma ba na cikin masu zaginsu. Jikokin kwalin sabulun nan ne, kuma su ne ke sa ɗalibaina karatun Hausa ba da bulala ba.

Baɗi ba zan sa wa kaina adadi ba. Infaƙu za mu gama, Baffa ya ce in Allah ya kai mu bayan babbar salla, ni na ce sai dai in zai rage tsayawa a kan sunaye. Daga nan Tazyinul Waraƙati na Abdullahi, in biya bashin shekara huɗun nan na laburare. Waƙoƙinsa ne ya tara ya bi su da labarin abin da ya sa aka yi kowace. A ciki akwai amsar da ya ba malamin da ya soki barin mata su halarci wa'azin Shehu, akwai kuma kukansa lokacin da ya ga wasu abokan tafiya sun karkata ga duniya, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, wanda gara ta rage mana yanki. Ina son Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, tunda da Hausa yake, zan iya shi ni kaɗai, da littafin Murray Last na 1967 kan daular, wanda shi ma a gaban Wazirin ya ɗebi karatu. Don shaƙatawa, in shaƙatawa ce, zan koma wa Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin makaman da suka bazu a daji bayan yaƙi, don ina zargin yanzu zai yi min wani ɗanɗano dabam. Gidan adana tarihin nan mai sunan Waziri Junaidu kuma, da na sha wucewa ta gabansa ban taɓa shiga ba, zan shiga in tambayi yadda ake kula da tsohuwar takarda. Yara na yi musu alkawarin Wurno, su ga kabarin Bello. Alƙalawa kam sai Allah ya kawo sauƙin abin da ke faruwa a gabashin jihar.

Gafaka biyun da aka ci gefensu, warƙa 112 muka ƙirga a ciki. Mun mayar da 93 mazauninsu da taimakon kalmar ƙasan nan. Saura 19, su ne gara ta cinye daidai wurin. Suna cikin wata roba mai murfi a saman kabad ɗina, nesa da ƙasa. Waɗanda suke waƙa ne mun samo musu dabara: ƙanen namu ya karanta wa Inna baitin ƙarshe na warƙa, ita kuma ta faɗi wanda ke biye, sai mu bi sauran mu nemo mai farawa da shi. Huɗu sun koma gida ta haka. Lahadin da ta wuce aka karanto mata wani, ta buɗe baki za ta ɗora, sai ta tsaya. Ta sa aka maimaita, ta rufe ido tana kaɗa kai, leɓenta na motsi ba sauti. Can ta ce, "Ya ɓace min, kishiya. Bari sai Assabar. Da asuba sukan zo min."